Giwa A Garin Wani

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa a wannan fili bayan makonni biyu da kuka ji ni shiru. Na gode wa waɗanda suka yi ta aiko da saƙo suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau, bulaguro na yi zuwa ƙasar Ghana, kuma musabbabin bulaguron wata tambaya ce da 'yar autata mai shekara tara ta yi mini wata rana da daddare, tana zaune a tabarma tana tilawar Suratul Fili. Ta ɗago kai ta ce, "Abba, wai giwa da gaske akwai ta, ko irin su dodo ce da ake faɗa a tatsuniya?"

Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Yarinyar nan ta san giwa a Alƙur'ani, ta san ta a tatsuniyar da Gizo ya haɗa ta jan igiya da dorina, ta ji maroƙa suna kiran manya toron giwa, ta kuma san akwai ƙaramar hukuma sukutum a Jihar Kaduna mai suna Giwa. Ni kaina ban san sau nawa na ari giwa a wannan shafi domin in kwatanta wani ɗan siyasa ba. Da ta ƙara tambayata ko na taɓa ganinta, sai na tuna sau ɗaya ne tak, ina ɗan firamare, a gidan ajiye namun daji, ta bayan shingen ƙarfe. Nan take na yi mata alkawarin cewa kafin ta gama firamare za ta ga giwa a daji tana kiwo, ba shinge tsakaninsu. Alkawari kuwa kaya ne.

Na san mai karatu zai ce, ina aka baro Yankari? Tambayar tana kan hanya, kuma zan dawo kanta. A yanzu dai in ce abokaina biyu da suka kai iyalinsu can sun sha wanka a ruwan ɗumi na Wikki, sun ga gwaggon biri har sun gaji, amma giwa sai sawunta da kashinta. Ban so in kai yarinya ta ga sawu, ta dawo da shakkar da ta tafi da ita. Sannan akwai wani dalili na kaina. Kakana na wajen uwa bafatake ne, ya yi zamanin da ake kora jakuna zuwa Gwanja ɗauko goro, kuma tun ina yaro nake son in ga ƙasar da sunanta bai taɓa fita daga bakin tsofaffin gidanmu ba. Ga shi ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, albarkacin ƙungiyar ECOWAS. Fasfo ne kawai da katin shaidar rigakafin shawara. Saboda haka da aka ba yara hutun ƙarshen shekara, sai muka ɗaura niyya mu huɗu: ni da uwargida da babban ɗana mai shekara goma sha biyar da ita autar. Jirgi zai kai mu Accra, daga nan mu ɗauki hayar mota da direba, mu yi kwana bakwai muna haurawa arewa, tafiyar kusan kilomita dubu, har mu dangana da gandun dajin Mole.

A Accra kwana ɗaya muka yi, a kusa da unguwar Nima, inda da asuba muka sha koko da ƙosai kamar muna Fagge. Direbanmu ɗan zango ne, Hausa ce harshensa na gida, sai dai Hausa ce irin ta can wadda ba ruwanta da bambanta namiji da mace. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya dubi autar ya ce, "In Allah Ya yarda giwa zai zo, za ka gan shi da idonka." Yarinya ta tsaya tana waige-waige, tana neman wanda ake wa magana. Kafin mako ya ƙare ita ma ta fara kiran mahaifiyarta da "ya".

Washegari muka bi gaɓar teku zuwa Cape Coast, tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka. Mun shiga tsohuwar ganuwar da aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jiragen ruwa, kuma abin da na gani a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidan ya fi ƙarfin a cusa shi a tsakiyar labarin hutu. Zan ware masa mako guda in Allah Ya so. Abin da ya shafi zancenmu na yau yana kilomita 30 arewa da garin, wato gandun dajin Kakum, kurmi mai duhu wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 375. A nan ne aka ɗaura gadojin igiya guda bakwai daga kan wata bishiya zuwa wata, tsawonsu gaba ɗaya kimanin mita 350, kuma a wani wurin tsakaninka da ƙasa mita 40 ne, kwatankwacin bene mai hawa goma sha biyu. An buɗe su a 1995. Kowace gada katako ne siriri, faɗin tafin ƙafa biyu, an shimfiɗa shi a kan tsanin ƙarfe, raga ta kewaye shi dama da hagu zuwa ƙirji.

Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce, kuma a kan gada ta biyu na fahimci wannan magana da jikina. Ni da nake hawa wannan shafi kowane mako ina yi wa gwamnoni tsawa, sai ga ni a tsakiyar sarari na kama igiya da hannu biyu, gwiwoyina suna kaɗawa, bakina bai bar salati ba. Duk takun da wani ya yi a gaba ko a baya sai ya zo ta cikin katakon ya same ka. Ƙasa ba ta ganuwa, sai kawunan bishiyoyi kamar an shimfiɗa koren bargo. Autar da aka yi tafiyar dominta ta riga ta kai dandali na uku, ta juyo tana kira, "Abba, kar ka kalli ƙasa, ka kalle ni!" Haka na yi. Na kafa mata ido har na ƙetare. An ce tsoro na daji, kunya na gida, to ni ranar duka biyun sun taru a kaina a wuri guda, domin uwargida tana bayana tana ƙunshe dariya.

Akwai giwaye a Kakum, irin ƙananan nan na kurmi, amma jagoranmu ya faɗa mana gaskiya tun kafin mu hau cewa ba a cika ganinsu ba, sun fi son can ƙurya. Waɗanda suka fi kowa sanin suna nan su ne manoman da ke kewaye da gandun. A hanyarmu ta fita na lura da wata gona da aka zagaye da igiya, an rataya tsummoki baƙaƙe a jiki. Direba ya ce barkono ne ake kwaɓawa da baƙin mai a shafa, domin giwa ba ta son yajinsa a hancinta. Na ji abin ya ba ni sha'awa, na ɗauki hoto, muka wuce. Ban san cewa waɗannan tsummoki su ne kan labarin tafiyar tamu ba sai bayan kwana huɗu.

Daga Cape Coast muka yanki hanya zuwa Kumasi, muka kwana. Da safe na zaga kasuwar Kejetia da unguwannin zango, na sayi goro ɗanye a hannun wani dattijo da ya ce kakansa daga Katsina ya zo. Na tsaya da goron a tafin hannu ina tunanin cewa saboda wannan ɗan abu ne kakannina suke barin gida watanni, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su sauka Salaga, su sauke kanwa da fatu da tufafi, su ɗauki goro su juya. Su a ƙafa suka yi, cikin dajin da ke cike da zaki da ɓauna. Mu muna cikin mota mai na'urar sanyaya iska, muna biyan kuɗi domin a nuna mana ragowar abin da su suke kwana suna hura wuta domin tsoronsa.

Na'urar sanyin ma ba ta kai mu ko'ina ba. Bayan mun wuce Techiman motar ta fara zafi, ta tsaya. Ashe kamfanin da ya ba mu haya ya haɗa mu da mota mai tsohon bel, ga tayar safiya ba iska. Awa uku muka yi a gindin wata bishiyar kashu kafin direba ya dawo da makanike a bayan babur. Laifina ne da ban buɗe gaban mota da bayanta na duba kafin mu bar Accra ba, na yarda da fenti mai ƙyalli. Duk mai niyyar irin wannan tafiya ya ɗauki darasi a kaina.

Wannan jinkiri ya sa muka isa matsirgar ruwa ta Kintampo rana ta yi sanyi. Ana sauka ne ta wasu matakala masu yawa zuwa inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, yara da manya suna shiga ƙarƙashinsa suna ihu. Babban ɗana ya cire riga zai shiga, na bar shi, amma sai da na ɗaga kai na dubi sama da bishiyoyin da ke kan dutsen. A wannan wuri ne a watan Maris na 2017 iska mai ƙarfi ta kayar da wata babbar bishiya a kan masu wanka, mutum kusan ashirin suka rasu, akasarinsu ɗaliban sakandare da suka zo yawon buɗe ido. An rufe wurin na wani lokaci, aka yi gyare-gyare, aka sake buɗewa. Na ambaci wannan ne domin malaman makaranta da ke kwasar ɗalibai zuwa irin waɗannan wurare su sani cewa da zarar hadari ya haɗu, a fitar da yara daga ruwa da gindin bishiya, ko da kuwa za su yi fushi.

Daga Kintampo ƙasa ta fara sauya kama. Kurmi ya ja baya, kaɗanya da ɗorawa da kuka suka bayyana, hazon hunturu ya rufe sararin sama, har uwargida ta ce ita dai ji take kamar mun kama hanyar Birnin Gwari. Muka ƙetare kogin Baƙar Volta a Buipe, muka karya yamma a mararrabar Fufulso, muka wuce Damongo, muka isa Larabanga. A nan ne tsohon masallacin nan na ƙasa yake, fari fat, da sandunan itace a jikinsa da tsohuwar kuka a gefensa, wanda mutanen garin ke cewa an gina shi tun 1421. Ƙofarsa gajeriya ce, sai ka sunkuya. Muka yi sallah a ciki, muka ƙarasa 'yan kilomitocin da suka rage zuwa ƙofar gandun.

Mole shi ne gandun daji mafi girma a Ghana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, wato ya ninka Yankari. Tarihinsa yana da ban mamaki. Tun farko hukumar mulkin mallaka ta ware yankin ne domin a karkashe namun dajin da ke ciki, da tunanin cewa in babu dabbar da ƙudan tsando zai sha jininta, ƙudan zai ƙare, ciwon barci da sammore su tafi. Daga baya aka watsar da wannan dabara, aka mai da wurin ma'ajiyar namun daji a 1958, aka tashi ƙauyukan da ke ciki, sannan ya zama cikakken gandun ƙasa a 1971. Masaukin baƙi yana kan wani tudu mai tsawo, a ƙasansa akwai tafkuna biyu da dabbobi ke zuwa sha. Da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ruwa yakan ƙafe a sauran wurare, don haka kowa sai ya biyo ta nan. Tun kafin mu sauke kaya muka ga mugun dawa da 'ya'yansa suna kiwo a bakin ɗakuna, sun durƙusa a gwiwoyin gaba kamar masu neman gafara. Wani gwaggon biri kuma ya yi wa uwargida maraba ta hanyar fizge ledar burodi daga hannunta, ya hau rufi ya zauna yana ci yana kallonmu.

Da ƙarfe bakwai na safe aka tara mu. A Mole ana iya shiga daji da mota, ana kuma iya shiga a ƙafa tare da ma'aikacin gandu mai bindiga, mu kuwa ƙafa muka zaɓa. Sai da ya duba takalman kowa, ya mai da masu silifa su sauya. Ya ce mu bi shi a layi ɗaya, kada a ɗaga murya, kada a yi gudu ko me aka gani, in ya tsaya kowa ya tsaya. Ya ce bindigar ta harbi sama ce, kuma addu'arsa kullum ya mai da ita ma'ajiya da harsashinta cif. Muka gangara daga tudun cikin sanyi. Muka ga garken maraya, jajaye, sun ɗaga kai gaba ɗaya suna dubanmu. Muka ga gwambaza a bakin ruwa, da mazo guda da ya ratsa cikin ciyawa, da kada kwance a gaɓa kamar gungume. Kowanne ya nuna, sai in faɗa wa yara sunansa da Hausa, kuma a nan na gane cewa rabin sunayen a littafi na san su, yau ne na fara haɗa suna da mai shi.

Mun yi fiye da awa guda muna tafiya, autar ta fara jan ƙafa, sai ma'aikacin ya durƙusa ya nuna mana wani kashi mai girman ƙwarya, yana tururi. Ya ɗebi ƙura ya saki a hankali domin ya ga inda iska ta nufa, ya ce giwa ba ta da kaifin gani amma hancinta ba ya kuskure, don haka dole mu zagaya ta inda iska za ta kwaso warinta zuwa gare mu. Muka zagaya. Muka ji ƙarar karyewar reshe. Abin da na ɗauka inuwar bishiya ce sai ya motsa.

Toraye uku ne. Na gaba ya fito fili, ya tsaya, ya buɗe kunnuwansa, ya ɗaga hanci sama yana shinshina. Tsakaninmu da shi bai fi taku sittin ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shiru. Dabba mai nauyin tan huɗu ko biyar tana taka busasshen ganye, amma ba ka jin takunta, domin tafin ƙafarta yana da wani kitse mai laushi kamar matashi. Sai wani gurnani can ƙasa-ƙasa da kake ji a ƙirjinka kafin kunnenka. Suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya, suka shiga tafki, suka nutse har sai ƙarshen hanci, suka fito baƙi wuluk, suka koma gefe suna watsa wa bayansu ƙasa. Autar ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata. Ba ta ce uffan ba sai da muka kama hanyar komawa, sannan ta ce, "Abba, ashe tana da gashin ido." Ni ban lura ba. Na tsaya kallon girma, ita ta kalli fuska.

Da a ce a nan tafiyar ta ƙare, da na dawo na rubuta muku cewa Ghana ta iya, mu mun kasa, in rufe da kira ga gwamnati kamar yadda aka saba. To amma washegari mun je Mognori, wani ƙauye a bakin iyakar gandun, inda mutanen gari suke ɗaukar baƙi a kwalekwale a kan kogin Mole, mata kuma suna nuna yadda ake fitar da man kaɗe. Mun shiga kwalekwalen, mun sha kallon tsuntsaye, babban ɗana ya karɓi filafili ya kusa kifar da mu. Da muka fito, yara suka tafi wurin masu man kaɗe, ni kuma na zauna a inuwa kusa da wani tsoho da ke gyaran ƙotar fartanya. Yana jin Hausa daidai gwargwado, ya ce ya koya ne a kasuwar Tamale. Muka gaisa, na ce, "Baba, kun ji daɗinku, ga giwa a bayan gida."

Ya dube ni ya yi murmushi irin na wanda ya sha jin wannan magana. Ya ce, "Alhaji, kai ka biya kuɗi ka gan shi da safe. Ni kyauta yake zuwa mini, da dare." Ya ce shekara biyu da suka wuce, saura 'yan makonni ya cire doya, giwaye suka shiga gonarsa, kafin gari ya waye sun tone abin da suka tone, sun tattake saura. Ya buga gwangwani, ya kunna wuta, ba su ko waiwaye shi ba. Ba wanda ya biya shi ko sisi, kuma da ya ɗauki bindiga da yanzu yana kurkuku. Na tambaye shi, to me ya hana shi jin haushinsu? Ya ce wa ya gaya mini ba ya ji? Sai ya nuna kwalekwalen da muka sauka daga ciki, ya ce mai tuƙin nan ɗansa ne, kuma da kuɗin baƙi aka sayi hatsin da suka ci a shekarar. Ya ce, "Giwa ya ci doyana, giwa ya kawo ka. In ka daina zuwa, lissafi ya canza."

Na daɗe ban ji an taƙaita wata babbar matsala a cikin kalmomi kaɗan haka ba. Babbar giwa takan ci abin da ya kai kilo 150 na ganye da ɓawo da saiwa a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100, kuma ba ta san inda taswirar gwamnati ta ja layi ba. Tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa guda, ta yi shekaru kafin ta sake, saboda haka garken da aka rage ba ya farfaɗowa da wuri. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, amma duk da haka a 2021 ƙungiyar IUCN mai sa ido kan halittun da ke fuskantar ƙarewa ta bayyana cewa giwayen sarari na Afirka sun ragu da aƙalla kashi 60 cikin 100 a shekara 50, na kurmi kuwa da fiye da kashi 86 cikin 100 a shekara 31. Doka tana nan, masu bindiga suna nan, amma ma'aikaci nawa za a zuba su tsare daji mai faɗin Mole? Mafarauci ba ya shiga daji sai ya ratsa ta ƙauye, ya sha ruwa a ƙauye, wani ɗan ƙauye ya nuna masa hanya ko ya kau da kai. Wanda ke yanke hukuncin ko giwa za ta kwana da rai shi ne mutum irin wannan tsoho, kuma hukuncinsa yana bin abin da ya shiga rumbunsa. Ghana ta gane haka, shi ya sa ta ɓullo da tsarin da ke bai wa al'ummomin da ke maƙwabtaka da gandu ikon kula da albarkatun dajin da ke ƙasarsu da cin moriyarsu. Tsarin bai share hawayen kowa ba, shaida ga doyar tsohon nan. Amma ya sa yana da abin da zai ɗora a ɗaya gefen sikeli.

Yanzu bari in dawo kan Yankari kamar yadda na yi alkawari. An kafa ta a 1956, shekara biyu kafin Mole, faɗinta murabba'in kilomita 2,244, ta zama gandun ƙasa a 1991, ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Tana ɗauke da ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe da suka rage a Najeriya, kuma ƙiyasin masu aikin kare su bai wuce ɗari da 'yan kai ba. Duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da ita, abin da muke ji shi ne gyaran ɗakunan kwana da sayen motoci da shimfiɗa kwalta. Waɗannan duka suna da amfani ga baƙo irina. Abin da ban cika ji ba shi ne lissafin manomin da ke bakin iyaka, wanda giwa ke kwana a masararsa: nawa ne daga kuɗin shiga yake komawa ƙauyensa, 'ya'yansa nawa aka ɗauka aikin gadi ko jagora, wa ke kai masa barkono da igiya ko amyar zuma, tunda an tabbatar giwa tana gudun ƙudan zuma, kuma wa zai je ya auna ɓarna idan ta auku. Ina roƙon 'yan majalisar da ke wakiltar wannan yanki, da ɗalibanmu masu nazarin gandun daji da ke neman abin da za su yi bincike a kai, su fara daga waɗannan tambayoyi.

Mu ma masu zuwa kallo muna da namu kason. Da ina cikin masu ganin tafiya hutu almubazzaranci ce ta waɗanda kuɗi ya yi wa yawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, wannan tafiya ta cinye abin da na yi shekara guda ina tarawa. Amma na dawo da fahimtar cewa kuɗin da baƙo ya kashe a irin wannan wuri, in ya faɗa hannun da ya dace, shi ne ke sayen haƙurin maƙwabcin giwa. Saboda haka duk wanda Allah Ya hore wa ya je, Mole ko Yankari, ya ɗauki jagora ɗan gari, ya ci abinci a ƙauye, ya sayi man kaɗe ko zuma a hannun masu yi, kada ya tsaya taya su ciniki kamar yana Kantin Kwari. Kada kuma ya sayi ko da ɗan zobe na haure, ko fata, ko naman daji a bakin hanya, domin wanda ya saya shi ya aiki maharbi.

A Tamale muka sallami direba, muka hau jirgi zuwa Accra, daga can muka yo gida. Ranar da aka koma makaranta, autar ta dawo tana fushi, wai ta ba 'yan ajinsu labari, wata ta ce ƙarya take yi, ai giwa sai a talabijin. Ta ce in ba ta hoton ta kai musu. Na ba ta. Amma ajinsu yara hamsin ne da 'yan kai, kuma ba na jin akwai biyu a cikinsu da iyayensu za su iya kai su wata ƙasa domin su ga dabbar da kakanninsu suka yi wa kirari. In za su gan ta, a Bauchi za su gan ta, cikin motar makaranta, in har ta kai lokacin. Na yi wa autar sabon alkawari cewa da rani mai zuwa za mu je Yankari, ko da sawu kawai za mu gani, kuma wannan karon zan nemi wani tsoho a ƙauyen bakin iyaka in zauna kusa da shi in ji nasa lissafin. Abin da ya faɗa mini, za ku ji shi a wannan shafi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.